Sai Na Yi Wanka, Uwata

Bokitin yana nan a zaure. Sabulun ma yana nan, ya bushe har ya tsattsage.

Mai wankan ne babu.

Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, wayar nan ma da nake rubutu da ita tasa ce. Amma na fita takaba, kuma akwai abin da ya tokare mini ƙirji ya ƙi sauka. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Wata rana, shekarun baya, wani bawan Allah ya shigo gida yana murmushi, ya ce wa matarsa ya samu aiki.

Matar ni ce.

Direba ne tun yana saurayi. Ya ja motar yashi, ya ja ta tumatir zuwa kudu, har mai motar ya sayar da abarsa ya bar shi a zaune. Mun sha wuya a zaman nan. Shi ya sa da na ji an ce aiki, sai da na rangaɗa guɗa.

Na ce, "Wace irin mota ce, Malam?"

Ya ce, "Babba ce. Ta kamfani."

"Me za ka riƙa ɗauka?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Abin da kowa ya ƙi."

Dagwalon masana'antu ne. Kamfanonin jimar fata da na rini da na batir, in sun gama aikinsu akwai ruwan da ke saura. Wani baƙi, wani kore, wani mai kauri kamar kunu. Ba a zubar da shi a kwata. Ɗura shi ake yi a manyan shuɗayen duro na roba, a toshe, a loda a mota, a kai can bayan gari nesa da mutane, inda aka tanada dominsa.

Shi ne mai kaiwa.

Na ce, "Au, wato bola za ka riƙa kwasa."

Ya yi dariya. Ya ce, "Hurera, ai bola 'yar gata ce. Bola akuya ke ci ta yi ƙiba. Wannan ko ƙuda ba ya sauka a kansa."

Tun a makon farko ya sayo langa-langa ya kewaye kusurwar zaurenmu. Ya haƙa rami a ƙasan wurin don kada ruwan wankansa ya bi kwata ya isa ga kajin mutane. Ya sayi baƙin bokiti nasa shi kaɗai, da soso, da sabulu.

Sannan ya kafa doka ɗaya:

Ba mai taɓa shi in ya dawo, sai ya yi wanka.

Kayan aikinsa kuwa a buhu yake cusa su ya rataye a ƙusa can sama. Ban taɓa wanke masa su ba. Na roƙa har na gaji. Na ce mutane za su ce ya auri malalaciya. Ya ce su faɗa, malalaciya mai hannu biyu ta fi mai ƙwazo da kuturta.

Dokar ba a gida ta tsaya ba.

In ya sauka daga adaidaita sahu a bakin layi, majalisa na zaune, kowa ya miƙo hannu. Shi sai ya dafe ƙirji ya ɗan rusuna, ya gaishe su da baki ya wuce.

Kun san garin nan. Ka ƙi ba mutum hannu ai gara ka zage shi.

Aka ce ya samu aikin kamfani ya soma girman kai.

Da ya yi bayani, aka ce, "To ashe mu ne ba mu da tsabta."

Sai kuma maganar duro.

Duk wadda ke zaune a unguwar da famfo ke zuwa sai ya ga dama, ta san darajar shuɗin duro. Randa tana fashewa, shi ba ya fashewa. Har a kayan ɗakin amarya ana sa shi. To ga mijina kullum yana tare da duro sun fi a ƙirga, amma ko ɗaya bai taɓa shigowa da shi layinmu ba. Waɗanda aka juye ma, kafin ya baro wurin sai ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini ya huda gindin kowanne, don kada wani ya bi bayansa ya ɗauka.

Abokan aikinsa suka sa masa suna Mai-huda.

Maƙociyarmu Lantana, wadda bakinta bai san linzami ba, ta leƙo ta katanga wata safiya yana ɗaura takalmi.

"Mai-huda, barka da asuba! 'Yata fa saura wata ɗaya biki. Ko duro ɗaya ba za a samu ba, albarkacin maƙwabtaka?"

Ya ce, "Lantana, zan saya mata randa."

"Randa! Ana zamanin roba? Kai dai faɗi gaskiya, rowa ce. Ko kaza aka yanka a gidanku, sai an huda tukunyar don kada mu sha romo."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ki zage ni da ranki da lafiyarki, ya fi mini."

Ya sayi randar kuwa. Ta karɓa tana mita.

Yanzu bari in zo kan Zinatu.

Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba. Da Allah ya kawo ta, ita kaɗai ya kawo. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiranta Zinatu ba. Uwata yake ce mata.

Ranar da ta soma tafiya sosai, ta ji sallamarsa a zaure. Ta kwasa da gudu tana tangaɗi, hannuwa a buɗe, tana "Oyoyo! Oyoyo!" kamar yadda ta ga 'ya'yan maƙwabta na yi wa iyayensu.

Ya ja da baya har ya bugi bango.

Ya ɗaga tafin hannunsa.

"Tsaya nan, Uwata. Sai na yi wanka."

Ta tsaya. Ta dube shi. Ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba.

Na ɗauke ta raina a ɓace. Na ce, "Haba Malam! Yarinya ce fa. Wane uba ne 'yarsa za ta rugo ya kauce?"

Yana can bayan langa-langa. Ya ce, "Kukan da zan iya fitowa in lallasa ai ba kuka ba ne, Hurera."

Yaro da saurin sabo.

Ba a daɗe ba ta gane tsarin. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, muka kife shi a tsakar gida daidai ƙofar zaure. Ya zama kujerarta. Da ta ji sallamarsa sai ta bar duk abin da take yi, ko abinci ne, ta haye turmin ta zauna tana kaɗa ƙafa.

Sai ka ji ruwa na zuba.

"Baba, ka gama?"

"Saura kunne!"

Can sai ta sake tambaya.

"Baba, ka gama?"

"Saura ƙafa ɗaya!"

"Ai jiya ma ƙafa ɗaya ka ce!"

"To ai jiya ta dama ce, yau ta hagu!"

Sai ta ƙyalƙyale da dariya har ta kusa faɗowa.

Can sai ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Ya fito da farar singileti, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa ya buɗe hannu.

"Na gama, Uwata. Zo!"

Ta diro ta ruga. "Oyoyo Baba!"

Ya cilla ta sama ya cafe. Ita kuma ta cusa hanci a wuyansa ta shinshina sosai, fuska a murtuke kamar mai duba kayan kwastan. Sannan ta yanke hukunci:

"Ba wari."

Ya dube ni ya ce, "Kin ji. Sufeto ta sa hannu. A kawo tuwo."

Haka muke kullum. Har ta kai shekara biyar.

Abin da ya faru a hanya ban gani da idona ba. Wani magidanci daga ƙauyen da abin ya auku shi ya zo mana ta'aziyya, ya zauna a zaure yana ba maza labari, ni ina ji daga bayan labule. Yadda ya faɗa haka zan faɗa muku.

Damina ce. An kwana ana ruwa, hanya ta yi laushi. Wajen hantsi motar ta iso wata kwalbati a gefen ƙauyen, gefen titin ya zabtare da tayar baya. Motar ta kishingiɗa. Igiya ta tsinke. Duro suka gangaro, wasu suka fashe.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ta taga lafiya lau.

Da ya so, da ya hau tudu ya tsaya inda iska ba ta kaɗowa, ya buga waya kamfani ya jira. Abin da aka koya musu ke nan. Ba wanda zai ce ya yi laifi.

Amma ranar kasuwar ƙauyen ce.

Kafin ka ce kwabo mutane sun ɓarko. Wasu sun zo taimako, Allah ya saka musu. Wasu sun ji an ce babbar mota ta faɗi, sun ɗauka mai ne, suka taho da jarka da bokiti. Mata da goyo. Yara ba takalmi. Ga shuɗayen duro a warwatse a cikin ciyawa suna ƙyalli, abin da kowane gida ke so.

Ƙasa da kwalbatin kuma rafi ne. Nan suke ɗiban ruwa, nan shanunsu ke sha.

Ya ɗaura takunkumin aikinsa mai rufe hanci da baki, ya sha gabansu yana ɗaga hannu yana ihu.

Ba mai jin abin da yake faɗa. Takunkumin irin mai kaurin nan ne, magana a cikinsa kamar a cikin tulu. Yara ma dariya suke yi masa, wai ga dodo.

Sai ya cire shi ya yar.

"Guba ce! Don girman Allah ku koma! Ku kwashe yaran nan! Guba ce!"

Wasu suka ja da baya. Wasu suka ce dabara ce irin ta direbobi, don kada a taɓa musu kaya.

Ya ga bakin wani duro ya buɗe yana kwarara wajen rafi. Safar hannunsa na can cikin motar da ta kishingiɗa. Bai tsaya nema ba. Ya kama duron da hannu ya tayar da shi, ruwan ya wanke masa hannu har gwiwa. Ya fizgi fartanya a hannun wani manomi ya soma jan ƙasa yana tare hanyar ruwan.

Mutumin da ya zo mana ta'aziyya ya ce a daidai lokacin shi kuma ya samu wani duro da ya riga ya tsiyaye, ya kinkima zai wuce da shi. Sai ya ji an riƙe duron ta baya.

Ya juyo a fusace.

Ya ce, "Kai direba, wace irin rowa ce wannan? Wanda ya zube ma? In na wanke shi da toka ai shi ke nan!"

Mijina bai yi musu da shi ba. Ya saki duron, ya miƙa masa hannuwansa biyu.

Fatar ta yi fari, ta soma saɓulewa kamar ta dafaffiyar kaza.

Ya ce, "Ɗan'uwa, 'ya'yanka nawa?"

"Shida."

"Ni ɗaya gare ni. Shekara biyar ban bari ta taɓa rigata ba saboda abin nan. Kai kuma a ciki za ka zuba wa naka ruwan sha?"

Mutumin ya ce bai san lokacin da duron ya faɗi daga kafaɗarsa ba.

Shi ne ya juya ya shiga korar mutane da kansa. Magidanta suka kawo shebur da fartanya, amma mijina ya hana su matsowa. Ya ce su tsaya daga tudu su riƙa turo ƙasa, shi zai tsaya a ƙasa ya jera. Haka ya tsaya cikin tururin abin nan, fuska a buɗe, har rana ta take, har mutanen kamfani suka iso da wata motar.

Ko ɗigo bai shiga rafin ba.

An ce masa a wuce asibiti. Ya ce ƙuna ce kawai. Aka naɗe masa hannu a wani kemis, ya hau adaidaita ya taho gida.

Bayan la'asar muka ji sallamarsa. Muryar ta dushe kamar ba tasa ba.

Zinatu ta haye turmi.

Na leƙa na ga hannuwansa a naɗe, idanunsa jajur. Na yi salati na nufe shi.

Ya ɗaga mini hannun nan mai bandeji.

"Har ke, Hurera. Tsaya nan."

"Malam, da wane hannun za ka yi wankan? Bari in cuɗa ka."

"Turo mini ruwa kawai."

Na tura bokiti. Ya ƙare. Na tura wani. Ya ƙare. Ina jin yadda yake fama da kofi da gwiwar hannu, yana tari.

"Baba, ka gama?"

Shiru.

"Baba, saura kunne?"

Tari.

Da ya fito bai durƙusa ba. Ya tsaya daga bakin zaure ya jingina da bango. Ta diro daga turmi ta buɗe hannu.

Ya ce, "A'a, Uwata. Yau warin ya ƙi fita. Ina jin sa har yanzu."

Ta ce, "In shinshina in gani?"

"Gobe. Gobe in na sake wanka, za ki yi oyoyo biyu. Na yau da na gobe."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ni ban ji wari a jikinsa ba. Daga baya likita ya gaya mana dalili. Warin ba a fatarsa yake ba. A ƙirjinsa yake.

A zaure ya shimfiɗa tabarma ranar, ya ƙi shiga ɗaki. Da asuba na fito na tarar numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Na aika aka kira yayansa, Yaya Mamuda, muka kai shi asibiti.

Suka ce huhun ya ƙone.

Aka sa masa robar iska a hanci da baki. Ɗakin da aka kwantar da shi ba a shiga da yara.

Kullum in na dawo gida ɗaukar abinci, ina tarar da ita a kan turmi.

"Umma, yau ne gobe?"

Me zan ce mata?

Rannan na gaya masa. Na ce, "Malam, yarinyar nan ta ƙi cin abinci. Zan ɓoye ta a cikin hijabi in shigo da ita, ko masu gadi za su kore ni."

Ya girgiza kai. Ya sa bayan hannu ya ture robar daga bakinsa. Na kai kunne.

"Kada ta gan ni haka. Za ta tsorata."

"To me zan ce mata?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Ki ce mata... saura ƙafa ɗaya."

Na gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Baba ya cika wayo." Ta ci abinci ranar.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aka kawo shi gida. Tsakar gida ta cika da mata, ba masaka tsinke. Yaya Mamuda ya ce tunda ciki ba wuri, a yi masa sutura a zaure. Aka fitar da mutane, aka saki labule.

Cikin rikicin nan ba wanda ya tuna da Zinatu. Ni kaina ban san inda hankalina yake ba. An gaya mata Baba ya rasu, ta ce to. Ɗan shekara biyar me ya sani?

Abin da ta gani shi ne, an shigo da Babanta zaure.

Ta ga maza sun wuce da bokitan ruwa.

Ta ga an shiga da sabulu.

Sai ta ratsa tsakanin mata, ta ce wa wata tsohuwa da ke zaune a kan turmin, "Iya, tashi, wurina ne."

Tsohuwar ta matsa.

Ta haye. Ta fuskanci labule. Ta soma kaɗa ƙafa.

Ruwa na zuba.

Lantana ce ta fara lura. Ta toshe bakinta da mayafi. Daga nan kukan mata ya riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, har gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai zubar ruwan nan.

"Baba, ka gama?"

Ruwan ya tsaya cak.

Na ji wani namiji ya shaƙe da kuka a bayan labule.

Na yunƙura zan ɗauke ta. Sai na koma na zauna.

Ta jira. Ba ta yi rigima ba. Ai ta saba jira.

Da aka gama, aka sa shi a likkafani, Yaya Mamuda ya ɗaga labule don a kira iyali su yi masa addu'ar ban kwana. Hannun rigarsa a naɗe, a jiƙe. Yana ɗagawa suka yi ido huɗu da ita.

Ta ce, "Baffa, ya gama?"

Yaya Mamuda mutum ne mai taurin rai. Ko a rasuwar mahaifiyarsu ban ga hawayensa ba. Ya dube ni. Ya dubi liman. Liman ya sunkuyar da kai ya gyaɗa.

Sai ya durƙusa, kamar yadda ƙaninsa ke yi.

Ya ce, "Ya gama, Uwata. Zo."

Ta diro.

"Oyoyo Baba!"

Ta wuce Baffan, ta faɗa kan ƙirjin Babanta ta rungume shi da duk ƙarfinta. Ta ɗago, ta koma baya taku kaɗan, ta sake rugowa.

"Oyoyo Baba! Na jiya da na yau!"

Sannan ta cusa hanci a wajen wuyansa, ta kan farin ƙyallen, ta shinshina sosai.

Ta juyo ta dube ni da murna.

"Umma, ba wari. Turare yake yi."

Ta ɗan jira, hannunta a kansa.

"Amma bai ɗaga ni ba."

Yaya Mamuda ne ya ɗaga ta. Ya cilla ta sama ya cafe, hawaye na bin gemunsa. Aka ɗauki makara aka fita.

Jama'ar da ta yi masa salla ta ba mutanen layinmu mamaki. Mota guda ta zo daga ƙauyen nan, mutanen da ko sunansa ba su sani ba sai a ranar. 'Yan majalisar da suka ce yana da girman kai, su suka yi ta rige-rigen kama makara. Ɗayansu ya ce wa Yaya Mamuda, "Shekara da shekaru muna jin haushin bai ba mu hannu ba. Ashe mu yake karewa."

Bayan sadakar bakwai Lantana ta shigo, ba wasa a fuskarta. Ta ce in ba ta ƙarfen nan mai tsini. Ashe tun tuni ta sayi shuɗin duro a kasuwa, a hannun masu sayar da na hannu, ba ta san daga inda ya fito ba. A ciki jikokinta ke shan ruwa.

Muna ji ta katanga tana huda shi, tana kuka, tana cewa, "Mai-huda, ka yafe mini romon kaza."

Zinatu ta daina hawa turmi.

Ban hana ta ba. Ita ta bari da kanta. Rannan na tambaye ta, ta ce, "Ai ya gama."

Ni ce har yau in la'asar ta yi nake samun kaina ina cika baƙin bokitin nan.

Darasi:

Ba duk wanda ya janye hannunsa daga gare ka ne yake ƙin ka ba. Wani ya san abin da ke hannun ne. Kafin ka kira mutum marowaci ko mai girman kai, tambayi abin da yake ɗauke da shi.

Akwai mutanen da ke kwashe abin da zai kashe mu, su wuce da shi ta gabanmu muna toshe hanci. Suna da 'ya'yan da ke jiran su a gida. In ba za ka gode musu ba, kada ka ƙara musu da baƙar magana.

Don Allah, in babbar mota ta faɗi, kada ku ruga da jarka. Ku riƙe yaranku. In direba ya ce ku koma, ku koma, kada sai ya cire abin da ke kare numfashinsa kafin ku ji shi.

Kuma duron da ba ku san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, kada ku sa masa ruwan sha. Toka ba ta wanke komai da komai.

Kai kuma da za ka koma gida yau 'ya'yanka su rugo, ba abin da ya hana ka ɗaukar su, ajiye wayar ka ɗauke su.

Ku tura wannan gaba. Ku tura wa masu sayen duro, ku tura wa mutanen ƙauyukan bakin titi, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wataƙila saboda ku wani direban zai koma gida da huhunsa.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Malam nake ce masa. Yau zan rubuta, don ku san wanda za ku roƙa wa.

Sunansa Lurwanu.

Ya Allah, Lurwanu ya zo maka da wankansa. Ka wanke shi daga zunubansa kamar yadda ya tsare ruwan bayinka. Ka sanyaya ƙirjin da ya ƙone, ka yalwata masa kabarinsa. Ka raya Zinatu cikin imani. Ranar da za ka haɗa su a Aljanna, ya Rabbi, kada ka sa ta jira. Ka bar ta ta ruga, ka ba shi hannun da zai ɗaga ta.

Wanda ya karanta ya ce amin.